Ai Ko Ɗana Zai Iya Zana Wannan

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Da zarar an ambaci gidajen baje kolin zane na Legas, sai Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Wannan ai ɓarin fenti ne, ko ɗana na aji uku zai iya." To madalla, Alhaji, me kake jira? Saya masa fenti da buroshi. A 2018 an yi gwanjon zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan, ya tashi fam miliyan 1.2. Yaron ya zana mana biyu kawai, ka huta da zaryar Kantin Kwari.

Kuma gardamar nan duk daga kan tabarma kuke yin ta, alhali shiga kyauta ne. Waɗannan gidaje shaguna ne, masu su suna sayar da aikin mai zane su cire kasonsu, don haka ƙofa a buɗe take ga mai saye da ɗan kallo. Ku leƙa Nike Art Gallery a Lekki, bene hawa-hawa maƙil da zane har kan matakala, ko Omenka a Ikoyi, wanda ɗan Enwonwun ya kafa, ko Rele. Ba mai tambayar ku nawa kuka zo da shi. Za ku ga farin bango, sanyin na'ura na ratsa ku, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar rasuwa. A gefen kowane zane akwai 'yar takarda mai sunan mai aikin da shekarar da ya yi shi. In kun ga jan ɗigo a manne kusa da ita, an riga an saya. Kada ku sa farce ku ɓamɓare shi da sunan taimakon masu shara.

"Amma ban gane me aka zana ba," in ji Hajiya. Hajiya, ke da Alhaji kuka biya maɗinki kuɗi masu kauri ya yi wata da watanni yana zuba aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ran Sallah wa ya tare Alhaji ya ce sai ya fassara masa? Kowa "tubarkalla" ya ce. Malam kuwa cewa ya yi shi ba ya kallon zanen abu mai rai. Aka kai shi gaban wanda babu ko ƙuda a ciki, layi ne da launi zalla, ya ce wannan kuma ba shi da kai ba shi da gindi.

Abin dariyar ma, kuna ce wa irin wannan zane kayan Turawa, ga shi kuwa a bayan gidanku ya yi wayo. A Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi kwaikwayon malaman Ingila ido rufe, har aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Ladi Kwali maginiyar tukwane kuwa tana aljihunku, a bayan takardar naira ashirin.

Inda zan ba ku gaskiya ɗaya ne: ayabar nan da Maurizio Cattelan ya liƙa a bango da salatif, aka saya dala miliyan 6.2 a 2024, mai sayen ya ɓare ya cinye a gaban 'yan jarida. Nan kam ku yi ta dariya, ni ma ina taya ku. Amma kafin ku haɗa kowa a kwando ɗaya, ku tsaya gaban aikin El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a Nsukka a 1975. Murafen kwalba dubbai yake sa a daddaka a ɗinke da wayar tagulla, su sauko daga bango suna walƙiya suna naɗewa. Kayan da kuke ba 'yan jari-bola a kilo ke nan, Alhaji, har kana roƙon su ƙara maka naira hamsin.