Alƙalan Teburin Mai Shayi

A Badawa, da an idar da sallar isha'i, akwai wata kotu da ke zama a gaban talabijin ɗin mai shayin layinmu. Duk wanda ya iya biyan kuɗin shayi da rabin burodi ya zama alƙali. Shari'ar da ta fi tara jama'a ita ce gasar masu baiwa, inda matasa ke fitowa su yi waƙa ko rawa ko barkwanci, wasu mutum uku a kan kujeru masu laushi su ce wane ya iya, wane ya kama hanyar gida.

Babban alƙalinmu wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda kullum yake buɗe zama da cewa wannan shiri lalacewar tarbiyya ne tsagwaronta. Sai dai shi kaɗai ya san sunan kowane ɗan takara, da jiharsa, da makon da ya sha da ƙyar. Shi ya tuna mana cewa Iyanya ne ya fara cin Project Fame a 2008, Chidinma ta ci a 2010, Mercy Chinwo kuma ta ɗauki Nigerian Idol a 2012.

Na ce, "Baba, ashe kana bi?"

Ya ce, "Bincike nake yi, yaro, don in san abin da zan hana jikokina."

Binciken ya haura shekara goma sha biyar. Kamar na kwamitin gwamnati, har yau rahoto bai fito ba.

Abin da daɗi, kar a yi ƙarya. A ƙasar da ko aikin masinja sai da takardar wani babba, ga yaro ba ɗan kowa ba ya hau dandamali da maƙogwaronsa kaɗai. Lokacin da Amarachi Uyanne, 'yar shekara 8, ta lashe Nigeria's Got Talent ta tafi da naira miliyan 10 saboda rawa, iyaye da yawa sun sake duban 'ya'yansu. Yarinyar da jiya ake yi wa tsawa kan tsalle-tsalle a tsakar gida, yau ana leƙenta ta taga ana lissafi.

Amma kafin ɗan takara ya buɗe baki, sai an nuna mana ɗakinsu mai yoyo, an sa kiɗa mai sanyi, ya yi ta sharar hawaye. Wanda iyayensa ke raye kuma rufin gidansu lafiya lau, wannan ya shiga uku, don ba shi da abin sayarwa sai murya. Sannan a zo ƙuri'a: ka tura saƙo ta waya, kowane saƙo da kuɗinsa, kuma ka maimaita iya ƙarfin aljihunka. Abin da ake kama mutum a kansa ranar zaɓe, a nan shi ne ƙa'ida.

Mu kuma tambayarmu ɗaya ce: "Ɗan ina ne?" Ranar da wani ya fito da hula zanna, tebur ya kaure da "Namu ne!" Muryarsa kamar ana jan ƙofar langa-langa, amma har mai shayi sai da ya ƙarar da katinsa. Da aka kore shi, kotu ta yanke hukunci baki ɗaya cewa an yi mana maguɗi.

Ni da na tashi da tashe, abin yana ba ni mamaki. Goma ga azumi mu bi gida-gida, matar gida ce alƙali, in kun burge ta ta ɗebo gero, in ba ku iya ba ta ce Allah ya ba da haƙuri, kuma ba a cire wa kowa ko kwabo. Maƙwabtanmu na Nijar ma suna gasar kokowar takobi tun 1975, kuma a can wanda aka kayar ya kayu, ko da duk danginsa na riƙe da waya.

Daren ƙarshe na gasar bana, mai gabatarwa ya ɗaga ambulan, ya ja numfashi, sai wuta ta ɗauke. Mai shayi ya ce janareta ba mai. Cikin duhu muka ji ƙarar takardar kuɗi, da muryar Baba tana rawa: "Kai, yaro, ruga ka sayo lita ɗaya. Ka yi sauri, binciken ya zo gangara."