Bazazzagi ya tuɓe wa sifika riga

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka durƙusa. Da aka ce min ka kira kafinta ya farke akwatin sifikarka, ya huda fallen katako ɗaya ya maƙala ta, sai na ce sharri ake maka. Ashe gaskiya ne. Na shigo falonka na tarar da ita tsirara, maganaɗisu a waje, wayoyi na reto, kai kuma ka harɗe ƙafa kana cewa ilimi ne.

To zauna Bakano ya koya maka. Takardar sifika in ta tura iska gaba, a bayanta zuƙowa take yi. Akwati shi ne mai rabon faɗa. Da ka cire shi, iskar gaba ta zagayo ta gefen katako, ta haɗu da ta baya, suka cinye juna. Bes ne ke fara mutuwa, don zangonsa dogo ne: na 40 Hz ya haura mita 8, katakonka kuwa kamu biyu bai cika ba. Edgar Villchur tun 1954 ya nuna ƙaramin akwati rufaffe zai iya ba da kauri, ya fitar da sifikar AR-1. Labarin bai iso Zariya ba ne?

Ka ce ai Siegfried Linkwitz ma babu akwati ya yi tasa LX521 a 2012. Haka ne. Sai dai shi ya jera manyan sifikun bes biyu a kowane gefe, ya ƙara musu ƙarfi ta na'ura da amfilifaya da dama, ya kuma janye su daga bango kamar mita guda, don bayansu ya samu numfashi. Kai ka matse taka tsakanin bango da kabad ɗin uwargida.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Da ka sa Ɗan Maraya Jos, kuntigi ya fito tas, muryar babu gunjin katako, har na waiga ko mutumin na ɗakin. Amma da aka zo kan tambari, wallahi na ɗauka almajiri ne ke buga kwano a ƙofar gida.

Hunturu na tafe, ƙura za ta sami masauki a bayan sifikar nan. Kafin nan ka aiko min da tsohon akwatin, akwai mai saye a Sabon Gari.