Ku da linzaminku, mu da baƙin allonmu

Na san abin da za ku ce, don wani mai shagon kwamfuta a Talata Mafara ya riga ku faɗa. Ya leƙo allona ya gan shi baƙi ƙirin da 'yan fararen haruffa, ya ja da baya ya ce, "Malam, ba dai ka shiga sahun 'yan yahu ba?" Na ce masa sunayen hotuna nake canzawa. Ya ce, "To mi ya hana ka riƙe linzami ka canza kamar kowa?"

Kamar kowa! Ai na ga yadda kowan yake yi. Lokacin rajistar jarrabawa ya zo, ɗalibai sun turo hotunansu ta WhatsApp, kowanne da suna irin IMG-20240312-WA0007.jpg, sunan da ko wanda ya raɗa shi ba zai tuna ba. Sai ka ga babban mutum da gemunsa ya duƙufa, ya danna, ya goge, ya rubuta, ya koma kan na gaba, tun la'asar har a kira isha. Janareta na shan fetur, shayi ya huce, ido ya yi ja. Washegari a tarar ya tsallake uku, ya maimaita biyu.

Ni kuwa layi ɗaya nake rubutawa:

for f in *.jpg; do mv -n "$f" "Bakura_$f"; done

Ba tsafi ba ne, aike ne. Cewa na yi: duk hoton da ke cikin wannan jaka, ɗauko shi ka liƙa masa Bakura a gaban sunansa. Ko hotunan 30 ne ko 3,000, kafin in kurɓi shayi an gama. In na adana layin a fayil, ya zama abin da ake kira sikirif, gobe sai dai in kira shi kawai.

Ku da kuke casar shinkafar Bakolori da inji, yaushe rabonku da turmi da taɓarya? Amma da an zo kan kwamfuta sai ku ce daka da hannu ya fi albarka.

Wani kawuna na Bakura cewa ya yi sabon yayi ne na yaran zamani, zai wuce. Kawu, Allah ya ja kwana, wannan yaron ya girmi 'ya'yanka. Harsashen yaren da na rubuta layin nan da shi, Stephen Bourne ya fitar da shi a Amurka a 1979, kusan sa'an madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978. Ƙanensa Bash, wanda aka fi amfani da shi yau, Brian Fox ya sake shi a 1989, shekara bakwai kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. In akwai sabon shiga a nan, mu ne.

Mutanen Maradun kuma nasu uzurin daban: wai kwamfutarsu Windows ce. Ku sauke Git Bash, kyauta ne. Mai wayar Android ma yana da Termux. Uzuri ya ƙare.

Sai dai in ba ku gaskiyarku, don kuna da ita, ko da yake ba ku san inda take ba. Umarnin mv bawa ne marar wayo. Bai san tambaya ba, bai san tausayi ba. In ka ba fayil sunan da wani yake da shi, sai ya danne na farkon ya zauna a gurbinsa, shiru kake ji, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tono. Na taɓa mantawa da $f a sunan ƙarshe, ban kuma sa -n ba, duk hotunan bikin wani ɗan'uwana suka karɓi suna guda, kowane ya murƙushe na gabansa. Hoto ɗaya ya tsira, shi ma na wani baƙo ne yana suɗar hannu. Har yau amaryar ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Tun daga ranar ba na taɓa fayil sai na kwafe shi a filashi. Ina sa echo a gaban mv don ya nuna mini abin da yake niyyar yi kafin ya yi. Wancan -n kuwa shi ne takunkumin da ke hana danniya. Alamomin zance biyu da ke rungume da $f su ma ba ado ba ne: in ka cire su, fayil mai suna Sani Mu'azu.jpg zai rabe masa gida biyu, ya tsaya neman wani Sani da babu shi.

To, mai shago, kawu, da ku na Maradun, mu haɗu ranar Talata bayan an tashi kasuwa. Ku zo da linzaminku da hotuna 500, ni zan zo da layina ɗaya. Wanda ya gama a baya shi zai sayi tsire, kuma ku sani ni ba na cin mai kitse.