Yadda Ake Shigar da Gwani Wikipedia Ba Tare da An Koro Shi Ba

Wikipedia, kundin ilimin intanet da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a 2001, kowa na iya rubutu a cikinsa, amma ba kowa ake yin rubutu a kansa ba. Kafin tarihin mutum ya samu wurin zama, sai an tabbatar da shahararsa, kuma ga ma'aunin da editoci ke amfani da shi: a samu majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mutumin, sun yi bayani mai tsawo a kansa. Kowane harshe yana da nasa tsarin, amma tushen ɗaya ne. A kan wannan ma'auni ne tarihin kawunnai da surukai da iyayen gida ke yawan tuntuɓe.

Da farko mai rubutu ya tambayi kansa wa ya san gwanin nasa. In amsar ita ce duk unguwa, da sauran aiki. Mutum na iya kasancewa in ya leƙo ƙofar gida sai ya yi rabin sa'a yana amsa gaisuwa, a ambaci sunansa a kowane ɗaurin aure, ya tara mabiya rututu a TikTok, ma'aunin ko motsi ba zai yi ba. Shahara kuma ba ta cikin kayan gado: ɗan gwamna sai an yi rubutu a kansa saboda abin da shi ya aikata. Akwai dai muƙaman da ke gajarta hanya, kamar gwamna, minista, ɗan majalisar dokoki ta tarayya ko ta jiha, da shugaban babbar jami'a. Ɗan takarar da ya sha ƙasa, komai yawan fastocinsa a jikin gadar sama, ba ya cikin wannan sahu, haka ma kansila.

Daga nan sai tace majiyoyi, inda gumi yake. Yawancin masu rubutu kan iso da jaka cike da hujjoji, a zazzage a tarar babu ko ɗaya da za a ɗauka. Akwai shafin jarida guda cur, ga hoton Alhaji cikin babbar riga da hula zanna, an jera masa kirari layi goma, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta "daga iyalai da ma'aikatansa". Wannan talla ce, an biya kuɗinta. Akwai ɗan littafin da aka raba ranar naɗin sarauta, wanda kwamitin biki ya tsara kuma mai bikin ya duba kafin a kai maɗaba'a. Akwai waƙar da wani mawaƙi ya yi masa, wadda ta ce bai taɓa tsoro ba tun haihuwa. Waƙar na iya yin daɗi matuƙa, sai dai mawaƙin ya koma gida da kyautar mota. Hira ma ba ta cika ƙarfi ba, domin mutumin ne ke ba da labarin kansa. Sanarwar manema labarai da shafuka goma suka kwafa kalma da kalma ana ƙirga ta majiya ɗaya, ita ma daga ofishinsa ta fito.

Ko majiya mai zaman kanta sai ta tsaya a kan mutumin ta daɗe. Rahoton da ya ce "cikin waɗanda suka halarta akwai wane" ya tabbatar da cewa wane ya je taro, iyakar abin ke nan.

Abin da ake nema shi ne rubutun da ya ratsa hannun edita: rahoton jarida irin su Aminiya da Daily Trust, binciken sashen Hausa na BBC, DW, RFI ko Muryar Amurka, littafin da sananniyar maɗaba'a ta buga, maƙalar mujallar ilimi. Abubuwa biyu da mutane da yawa ba su sani ba suna sauƙaƙa aikin. Ba dole majiya ta kasance da Turanci ba, ko da a Wikipedia ta Turanci za a yi rubutun, kuma ba dole ta kasance a intanet ba. Tsohon bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, hujja ce cikakkiya muddin an kawo kwanan wata da shafi. Don haka mai neman tarihin mutanen da sai ya shirya shaƙar ƙura a Arewa House ko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'i. Adireshin intanet kuwa yakan mutu ba sallama, saboda haka ana adana kwafinsa a Wayback Machine tun yana da rai. A kuma lura da jaridar da ta kwaso bayaninta daga Wikipedia ɗin kanta, kada kundin ya zama shi ke ba kansa shaida.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta shan wahalar ma'aunin nan, domin masana sun yi littattafai a kanta, ciki har da na Jean Boyd da ya fito a 1989. Malamai mata da makaɗa da masu sana'a da yawa ba su samu wannan gata ba, labarinsu na bakin tsofaffi kawai. Wikipedia ba ta karɓar "kakata ce ta faɗa mini", ko da kakar ba ta taɓa ƙarya ba, domin dokar kundin ta hana shigar da binciken da ba a taɓa bugawa ba. Wannan doka tana ƙuntata wa tarihin Hausawa ƙwarai. Mafitar da ke hannu ita ce a kai labarin wurin ɗan jarida ko manazarci ya bincika ya buga, sannan a dawo da shi.

In mutumin yana raye, taka-tsantsan ya ninka. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a tarihin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan 'yan gidan Kennedy, ƙaryar ta yi watanni ba a cire ba. Bayan wannan aka tsaurara dokar rubutu kan rayayyu: duk zargin da ba shi da majiya ana goge shi nan take. Yabo ma ana tankaɗe shi. "Haziƙi", "jan gwarzo", "uban marayu" duk sai su fita, a bar shekarar da ya gina gidan marayun da jaridar da ta ruwaito. Wanda yake rubuta tarihin kansa ko na ubangidansa ana so ya faɗi alaƙar, wanda aka biya kuwa tun 2014 wajibi ne ya bayyana.

Duk da haka wani edita na iya neman a goge shafin. A Wikipedia ta Turanci ana buɗe muhawara ta kwana bakwai, kuma hujja ake aunawa. Tara abokai ashirin su buɗe sababbin asusu a dare ɗaya su rubuta "a bar shi, mutumin kirki ne" ba ya haifar da komai sai zargi. Majiya biyu ko uku masu ƙarfi sun wadatar. Editocin ma kan yi kuskure: a 2018 an ƙi karɓar daftarin tarihin Donna Strickland, masaniyar kimiyya 'yar Kanada, bisa dalilin ƙarancin majiyoyi, bayan 'yan watanni ta ci kyautar Nobel. Daftarin da aka ƙi karɓa ana iya ci gaba da gyara shi, a ƙara majiya duk lokacin da sabuwa ta fito, a sake miƙawa. Sai dai in ya yi wata shida ba wanda ya taɓa shi, ana goge shi.