Harshen da Ya Hau Jirgi

Makarantun Turai suna da wata al'ada da suka daɗe da ita. Sai a kwashi 'yan aji guda a tsallaka da su iyaka, a rarraba su gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba, su yi mako biyu suna cin abincin gidan suna jin maganar gidan, daga baya 'ya'yan masu masaukin su rama ziyara. Wai don yaro ya dawo da harshe a baki. Duk sa'ad da wannan labari ya faɗo a wata fada a Filinge ko Baleyara, sai ka ji ajiyar zuciya, ana cewa ai shi ya sa suka fi mu. Kwaɗayin kuwa yana da dalili, tunda Filinge tana da ƙawancen gari da gari da Athis-Mons, wani gari a kudu da Paris wanda wani yanki na filin jirgin Orly yake cikin ƙasarsa. Ƙawarki jirgi na sauka a bayan gidanta, ke kina jiran motar kasuwa ta cika. To amma ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ta fi shekara ɗari tana wannan musaya, ta kuma fi Turai iya ta. Matsalarmu ɗaya ce, tikitin muke girmamawa, harshen ko oho.

A ɗauki saurayin Tabla, garin da ke bakin hanyar Yamai zuwa Filinge. Ranar Lahadi yana kasuwar Baleyara, ya yi ciniki da Zabarmanci, ya rantse da Hausa, ya gaida Bafillace da Fillanci don a rage masa kuɗin akuya, ya tsinci abin da Buzaye biyu suke ƙus-ƙus a kai game da farashin raƙumi. In an gama girbin hatsi ya tafi ci-rani Kumasi ko Abijan ko Legas, ya sauka wurin maigida a zango kamar yadda kakansa ya sauka, ya kwana a zaure, ya ci daga kwanon gidan, ya dawo da Asantanci ko Julanci ko Yarabanci. Babu wanda zai yanka kaza don harsunan nan. Abin da za a tambaya shi ne atamfa nawa ya kawo da wace irin waya. In mai ƙidaya ya zo, a rubuta a gaban sunansa cewa bai yi karatu ba. Amma bari ɗan wani babba ya yi kwana goma sha huɗu a Faransa, biyu daga ciki a hanya. Zai sauko da mayafin sanyi a wuya cikin zafin Afrilu, ya kalli ƙwaryar fura ya daɗe yana murza goshi yana neman sunanta, uwar kuma ta leƙa ta katanga tana gaya wa maƙwabta, murya cike da alfahari, cewa yaron nan Hausa ta fara kuɓuce masa. Mantuwa ta zama takardar shaida. Wanda ya ƙaru da harsuna huɗu jahili ne, wanda ya rasa rabin guda ɗaya shi ne wayayye.

Yadda ake koyon harshe a gidan wani ba ɓoyayyen abu ba ne, an gwada shi a kan wannan hanya tamu. Daga 1962 zuwa 2011 ma'aikatan sa-kai na Amurka, 'yan Peace Corps, sun yi aiki a Nijar, kuma an daɗe ana horar da sababbin zuwansu a Hamdallaye, tsakanin Yamai da Baleyara, inda ake ajiye su a gidajen mutanen gari, a raɗa masu suna irin namu, su koyi Hausa ko Zabarmanci. Wanda harshe ya kama bakinsa shi ne wanda aka bari da tsohuwar da ba ta jin komai sai nata, ya ji ƙishirwa, dole ta sa ya nemi ruwa da baki. Yunwa da aike su ne malaman. Karamcinmu kuwa babban makiyin wannan karatu ne. In Nasara ya sauka a gidan da ake da ɗan lakwal, sai a ware masa ɗaki, a kawo kujera da cokali, a dafa masa taliya don kada tuwo ya ba shi wahala, sannan duk wanda ya taɓa zama aji uku a unguwar ya zo ya gwada Faransancinsa a kansa. Ya koma gida da sannu, da lafiya lau, da na ƙoshi, ita ta ƙarshen ma ba a taɓa yarda da ita ba.

Za a ce ai ba ɗaya ba ne, Faransanci yana buɗe ƙofar ofis, Julanci ba ya buɗewa. Gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce a daina koyonsa. Sai dai mako biyu ba ya ba da Faransancin ofis, ɗaga kafaɗa da turo leɓe yake bayarwa. Wannan kuwa Kurfayawa ba su taɓa bukatar fasfo don su iya shi ba. A 1925 aka ga Babule, waɗanda wasu ke kira Hauka, sun bayyana a yankin Filinge, iskoki masu hawa mutum ya miƙe yana fareti yana tsawa irin ta kwamandan Nasara, har hukumar mulkin mallaka ta kama waɗanda suke hawa ta kulle. Bambancinsu da ɗan mako biyu shi ne su in iskar ta sauka suna tuna sunan fura. Ƙofar ofishin ma ta fara sauya makulli. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, kuma kundin mulkin da Nijar ta zartar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Yanzu waɗanda aka rataya wa sambol, alamar horo, a lakwal don sun yi Hausa, suka girma suka rataya wa na baya, su ne a gaban talabijin suna laluben kalma, gumi na zuba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Za a ce kada a yi wa wahala kwalliya, domin yaron ƙauye da ya ci jarrabawa aka kai shi kwaleji a gari, aka damƙa shi ga mai riƙo, ba musaya yake yi ba, bauta yake. Yaro shi ne ɗiban ruwa, yarinya ita ce daka da wanke-wanke, su ne na ƙarshe a kwano, kuma 'yan mata da yawa a nan karatunsu yake tsayawa. Babu musu. Harshen gari dai suna iya shi cikin wata uku, don ba mai ba su kujera da cokali. Abin dariyar, in akwai, shi ne mutumin da ke zaune a fada yana yaba yadda Turawa ke riƙe ɗan wani, shi ne wanda ɗan wani yake gidansa yana wanke masa babur da ƙarfe bakwai na safe, littafi a hammata. Abin da tsarinmu ya rasa rama ziyara ne. Ɗan ƙauye yana zuwa gari, ɗan gari ba ya zuwa ƙauye, shi ya sa mai riƙo ba ya tsoron kada a rama a kan nasa.

Da a ce kowane gida da ya karɓi ɗan Shikal ko Bonkuku zai tura nasa can ya yi damina guda, ya riƙe hauya, ya roƙi ruwa da harshen masu rijiya, da an ga yadda miya za ta ƙaru a kwanon ɗan riƙo. In an ce hanya ba lafiya a Tillaberi a shekarun nan, wannan ma gaskiya ne, amma a Yamai katanga ɗaya ce tsakanin gidan Bahaushe da na Bazabarme. A yi musayar ta ƙofar gida, ba biza, ba kuɗin mota. Uban yaro zai saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaya ko za a buga hatimi a fasfo, kuma wa zai ɗauki hoton da za a sa a WhatsApp.