Jan Farce Ruwan Hoda Ya Iso Ɗanbatta, Turmi Na Jiran Sa

Wayar hannu ta sake kawo mana sabon karatu. Duk yarinyar da ta sayi data ta leƙa TikTok ko Instagram a 'yan kwanakin nan, sai ta ci karo da wasu mata masu taushin hannu suna koyar da yadda ake ƙawata gajeren farce da jan farce ruwan hoda. Wai dogon farce ya zama tsohon yayi, yanzu gajere ake yi. Akwai ruwan hoda mai haske, akwai mai duhu, akwai mai ƙyalƙyali, akwai wanda ake yi wa fararen ɗigo-ɗigo da tsinken sakace, akwai kuma wanda ake ja wa farin layi a baki a ce na Faransa ne, alhali kuwa wani Ba'amurke mai suna Jeff Pink, mai kamfanin Orly, shi ya fito da shi don 'yan fim ɗin Hollywood a shekarun 1970. To mu a Ɗanbatta sai dai mu yi wa duniya barka da zuwa. Ta kashe kuɗi, ta sha wahala, ta karya farce ba adadi, ga shi ta dawo inda kakanninmu suke tsaye tun kafin a shimfiɗa kwalta a hanyar Kazaure.

Don in dai gajeren farce ne, ba wanda zai koya wa matar Ɗanbatta. Ba ta taɓa taka shagon gyaran farce ba, amma tana da ma'aikatan da ke yi mata aikin kyauta tun daga asuba har lisha. Ɓarar gyaɗa ta datse, surfe ya goge, sussuka ta daidaita, wankin tukunya da toka ya ƙarasa abin da ya rage. In rani ya yi, aka kawo tumatir daga gonakin bakin madatsar ruwa ta Thomas aka zauna yankan kauɗa, wuƙa ma takan taimaka da nata gyaran ba tare da an roƙe ta ba. Farcen da ya tsallake waɗannan duka ya yi tsawo, to mai shi ko dai ba ta da lafiya, ko kuma ta samu kishiya mai haƙuri.

Matsalar ba ta tsawo ba ce, ta fenti ce. Kuma fenti ne na gaske, ba zagi na yi ba. Jan farcen zamani ɗan'uwan fentin mota ne, daga irin sinadarin da aka riƙa fesa wa motoci a shekarun 1920 aka samo dabararsa, kafin kamfanin Revlon ya fara sayar da nasa a 1932. Wanda ke isowa wurinmu kuwa ya sha hanya. Ya sauka a Legas, ya kwana a kasuwar Sabon Gari ta Kano, sannan ya hau faifan ɗan koli ya iso kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, inda zai wuni a rana tsakanin kwalli, jagira, madubi da ɗan kunnen roba, ƙurar karar shanu na sauka a kansa. Kafin a saye shi ya riga ya yi kauri, burushin cikinsa ya rage gashi uku, rubutun jikin kwalbar kuma ba mai iya karanta shi sai wanda ya yi zaman ƙasar Sin. Ka tambayi ɗan koli ko mai kyau ne, ya ɗaga kwalbar sama ya girgiza ta, ya ce, "Hajiya, wannan ai ɗan Dubai ne, shi 'yan fim ke sawa." Hajiyar kuwa shekararta goma sha shida, ko Kano ba ta cika zuwa ba.

Ku zo mu leƙa wani gida da yamma. Budurwa ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta jingina waya da buta, tana bin malamar cikin bidiyo daki-daki. Hannun hagu ya fita tsaf. Da aka zo hannun dama, wanda dole hagu ce za ta shafa masa, sai fentin ya bar farce ya bi fata, ya gangara har gaɓa. Ba komai. Ta baje yatsu goma a iska tana hura musu baki, ba ta iya sosa ƙeya, ba ta iya korar ƙuda. Daidai nan murya ta taso daga madafi.

"Ke! Ruwan tuwon nan ya tafasa tun ɗazu."

"Inna, bai bushe ba."

"Mene ne bai bushe ba?"

"Farcena."

Inna ta yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da duk ɗan Bahaushe ya san abin da ke biye da shi. "To in kin ga dama ki zauna har ya yi tsiro. Babanku in ya dawo daga gona sai ki zuba masa farcen a akushi."

Malamar cikin bidiyo ta ce a jira minti goma sha biyar, amma ita ba ta da garin dawa a ƙwarya. Yarinya ta tashi ta yi talge, ta zuba gari, ta tuƙa, ta kwashe da mara, ta kaɗa miyar kuka. Kafin a yi kiran magariba, ruwan hoda ya samu ado na biyu da babu shi a intanet: ɗigon gari, zanen zaren zani, da sawun babban yatsa a tsakiya. Washegari bayan wanke-wanke, farcen ya koma kamar bangon makarantar firamare bayan damina, nan da fenti, can babu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin da masu bidiyo ba su sani ba shi ne alwala. Malamai sun daɗe da bayyana cewa duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da gaɓar da ake wankewa yana hana alwala inganta, jan farce kuwa rufi yake yi wa farcen ruf. Saboda haka mace mai kiyaye sallarta ba ta samun damar shafa shi sai a 'yan kwanakin da take fashin salla. Kun ga ke nan abin da aka saya don ado ya zama allon sanarwa. Sirrin da a da ko miji sai ya yi dabara yake ganewa, yanzu yana tafe a kan yatsu goma, ruwan hoda shar, mai shago ya gani, ɗan acaɓa ya gani, yaron da aka aika sayo magi ma ya gani, ko da bai san fassararsa ba.

Wadda ta fi kowa iya karatun wannan allo ita ce uwar miji. Amarya ta zo gaisuwa da safe, ta durƙusa, ta miƙo kwanon koko da hannu biyu. Tsohuwa ba ta dubi kokon ba, yatsun ta duba. Ta ce, "Sannu 'yar nan, Allah ya yi albarka." Da amarya ta juya, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce da maƙwabciya, "Wannan watan ma shiru." Ba awo, ba asibiti, ba tambaya. Ranar da aka yi wata biyu ba a ga ruwan hoda a hannun amarya ba, tsohuwa za ta fara ajiye kanwa da kayan yaji, ta aika a tambayo kuɗin itacen wankan jego, har ta fara tunanin sunan da za a raɗa. Ba ta san kwalbar ce ta ƙafe ba, ɗan koli kuma bai zo kasuwa ba makon jiya.

Akwai kuma masu ƙarfin hali da ke shafawa bayan sallar isha su kankare kafin asuba. Su ne ke shan azabar duniya. Ruwan goge jan farce ba kowane shago ke da shi ba, sai a koma ga reza, ko a aiki ƙane wurin mai fentin ƙofa ya roƙo tina a murfin kwalba, in duk babu a sa haƙori. Ladan na cewa salla ta fi barci, baiwar Allah na zaune da fitilar waya tana kankarar babban yatsa. 'Yan kasuwa da suka ga haka sai suka fito da wanda suka ce ruwa na ratsa shi. Wani kamfanin ƙasar Folan mai suna Inglot ya yi suna da irin wannan a tsakanin mata Musulmi, wasu kamfanonin suka bi sahu har da tambarin halal a jikin kwalba, malamai kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da shi. Ɗan kolinmu dai bai jira fatawa ba. Ka tambaye shi ko nasa na shan ruwa, zai ce maka har kunu yana sha.

Ana cikin wannan duka, lalle na gefe yana murmushi. Shi ba rufi yake yi ba, rini ne da ke shiga jikin farce da fata ya zauna, shi ya sa ruwa ke isa inda ya kamata, alwala ta inganta. Ganyensa a bayan gida yake ko a kasuwa da arha, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemon tsami. Turmi bai iya kankare shi, toka ba ta iya cin sa. Kakanninmu sukan cusa hannu a zunguru su kwana da shi, 'yan baya suka koma leda da tsumma da yankan salatif. Sai dai shi ma kada a ɗauka waliyyi ne, yana da tasa gulmar. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, lallen da ya kama farce kuwa ba ya fita sai dai farcen ya tura shi gaba a yanke. Don haka matan unguwa na iya duban hannunki su gaya miki rabonki da biki: in ja ya rage rabi, an yi wajen wata biyu zuwa uku ke nan, kuma maigida bai sake ba da kuɗin ƙunshi ba. Ga kuma baƙin lalle na dayis, wanda ake haɗawa da sinadarin rinin gashi da likitoci ke kira PPD, mai sa fatar wasu ta yi ƙaiƙayi ta kumbura ta yi ƙuraje. Amarya ta tafi neman fulawa a hannu, ta tare da tabo.

Farcen roba kuwa, wanda ƙawayen amarya 'yan birni ke zuwa da shi an manna da sufa gulu, ba sai na daɗe a kansa ba. Mai shi ba ta iya ɗaura zani, ba ta iya ƙulla ɗankwali, in aka kawo tuwo sai ta ce ta ƙoshi. Wanda ya ɓalle kuma sai washegari a tsince shi a cikin kwanon alkaki. Ɗaliban makarantar ungozoma ta nan Ɗanbatta su kam aikinsu ya raba musu gardama, don ƙa'idar tsabtar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta ce ma'aikacin da ke taɓa majiyyaci kada ya sa farcen roba, nasa na Allah kuma kada bakinsa ya wuce rabin santimita.

Yanzu bari mu juyo kan masu dariya, wato mu maza. A majalisa ne ake yanke wa mata hukunci. Za ka ji magidanci ya gyara zama yana cewa matan yanzu sun lalace, ba su san komai ba sai shafe-shafe da ɓarnar kuɗi. Yana wannan wa'azi ƙafarsa na kan cinyar mai yankan farce, wanda ya kira da ya ji ƙarar almakashinsa ƙyas-ƙyas daga nesa. An yanke, an kankare gefe da 'yar wuƙa, an goga soso mai kumfa, an share da tsumman da ya share ƙafa ashirin tun safe. In wannan ba gyaran farce ba ne, a gaya mini sunansa. Bambancin kawai shi ne na mata yana da launi, namu kuma yana iya zuwa da ciwon hanta, tunda almakashin da ya ɗanɗani jinin wani bai ga wuta ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kafin ya iso gare ka.

Kuma da mai yankan ya iso ƙaramin yatsan hannu, sai ka ji maigida ya janye hannu da sauri: "A'a, bar mini wannan." Wannan farce shi ne ɗan gatan gida. Ya yi tsawo, ya lanƙwasa, ya yi ruwan goro, ƙarƙashinsa kuwa in aka shuka gero zai fito. Da shi ake kankare katin waya, da shi ake sosa kunne, da shi ake ɓare goro a miƙa wa baƙo, da shi ake sakace bayan an ci tsire. Mutumin da ya haddace hukuncin jan farcen matarsa bai taɓa jin hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ba, wanda ya iyakance barin farce da kwana 40. Nasa ya ga azumi biyu.

Ni dai nawa hukuncin, lalle ya ci gasar nan tun ba a fara ba, amma yarinyar da ta tara kuɗin awararta ta sayi 'yar kwalbar ruwan hoda ba ta yi wa kowa laifi ba. A bar ta ta ji daɗin yini ɗaya da turmi zai ba ta, uwar miji kuma ta rage lissafi da hannun mutane. Kai kuwa Malam mai dogon farce, kafin ka sake buɗe baki a majalisa, ka sayi sabuwar reza taka ta kanka, ka rabu da wannan abu kafin Juma'ar nan, tunda da hannun za ka gaisa da liman.