Ina Kashi na 15?

Na ga yadda kuka taɓe baki tun kafin in gama sallama. Wai yau kuma malamin nan tallar fim ɗin Turawa ya kawo mana, fim ɗin ma na jirgin sama jannati, wanda masu shi da kansu suka gaji suka rufe shago shekara 20 da ɗoriya da suka wuce. To ku gyara zama, don ba ku kuka fara yi mini wannan kallon ba. Kawuna ya riga ku, uwargidana ta riga kawuna, kuma in kun yi haƙuri za ku ji inda aka kwana da su.

Sunan shirin Firefly, wato maƙesu, ƙwaron nan da ke ƙyalla wuta da daddare a damina. Wani Ba'amurke mai suna Joss Whedon ne ya ƙirƙiro shi, tashar Fox ta fara nuna shi ranar 20 ga Satumba 2002. Kashi 14 aka ɗauka, aka nuna 11, kafin Disamba ta ƙare an yi masa sutura. Ku da kuka yi shekara da shekaru kuna bin Daɗin Kowa, kuna jayayya a majalisa kan sabon zangon Labarina, na san dariya kuke yi. Shiri mai dogon zango da bai ga ƙarshen zangonsa na farko ba! Ku yi dariyarku, akwai lokaci.

Ga wani can baya yana cewa, ai da yana da kyau da ba a kashe shi ba. Madalla da wannan hikima. Bari in ba ka labarin yadda aka kasa hajar. Whedon ya shirya kashi na farko mai tsawon kusan awa 2, inda za a san wane ne wane da abin da ya haɗa su. Manyan tashar suka ce ya cika sanyi, a kawo mai faɗa da barkwanci. Shi da abokin aikinsa Tim Minear suka zauna a ƙarshen mako guda suka rubuta wani, na fashin jirgin ƙasa, aka buɗe da shi. Sauran ma aka yi ta nuna su a hargitse. Kashi na farkon kuwa, wanda ke gabatar da kowa, sai ranar 20 ga Disamba aka saka shi, bayan an riga an yanke wa shirin hukunci. An kai amarya ɗaki, an yi suna, sannan aka zo neman aure. Ga shi an ajiye shi a daren Juma'a, lokacin da samarin Amurka ke fita yawo, wasu makonnin ma a ɗage shi saboda wasan ƙwallon sandansu. Mai ƙosai ce ta kafa kasko da azahar a watan azumi, ta dawo tana cewa garin ba masu ci.

Sai kuma masu cewa su ba sa kallon ƙarya. Ku? Ku da kuka haddace tafiyar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja? Ku da iyayenku suka karanta Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro aka lula sararin samaniya da shi, da Hausa tsantsa? Ku da jarumin Indiya zai mari mutum 40 su tashi sama ku yi tafi? A wannan shirin ko dodo ɗaya mai koren kai babu. Mutane ne zalla. Labarin yana faruwa a shekarar 2517, 'yan Adam sun cinye duniyar nan sun yi ƙaura zuwa wasu duniyoyi. Na tsakiya suna da asibitoci da benaye da gwamnati mai dogon hannu, na gefe kuwa ƙura da dawakai da rashin magani. An yi yaƙi tsakanin gwamnatin haɗaka da masu neman 'yancin kai, masu neman 'yanci suka sha kashi. Wani sajan daga cikin waɗanda aka ci da yaƙi, Malcolm Reynolds, ya sayi tsohon jirgin dako ya sa masa suna Serenity, sunan kwarin da aka gama da su. Shi ke nan sana'arsa: ɗaukar kaya, na halal da na fasa-ƙwauri, da mutum 8 a bayansa da ciki 9 da za a ciyar.

Wannan bayanin na yi wa Kawu, tsohon direban babbar mota da ya yi shekarunsa yana kwasar shanu daga Potiskum zuwa Kudu. Ya zo mana jinyar ido na mako 3, dare ya yi masa tsawo. Na saka faifan, na zauna gefensa ina tafinta. Ya ce, "Kai yaro, in dai na masu tashi sama ne kashe, ka kamo mini labarai." Na ce, "Kawu, kashi ɗaya tak, in bai yi ba na kashe." Wannan ita ce ƙaryar farko da duk mai son shirin nan ke yi.

Bai ce uffan ba har aka nuna cikin jirgin: tsatsa, wayoyi a waje, teburin cin abinci da kujerun da ba su yi kama da juna ba, da wata yarinya Kaylee, fuska duk baƙin mai, tana lallashin inji kamar jariri. Ta ce wa mai jirgi akwai wani ƙarfe da ke neman canji, shi kuma ya basar, don ba kuɗi. Kawu ya gyara gilashinsa ya ce, "Wannan ai mota ce. Kuma mai motar nan zai yi kuka." Da aka zo kashin da suka loda garken shanu a cikin jirgin, sai da ya sa na tsayar da faifan, ya yi mini lacca kan yadda ake jera shanu kada su tattake juna, ya kuma tabbatar mini warin nan ba zai bar jirgin ba sai an yi wata guda. Duk sanda wani ya fusata ya furta abin da ban fassara ba, sai ya ce, "Me ya ce?" In ce, "Zagi ne da Sinanci, Kawu." A labarin, Amurka da Sin ne suka haɗe suka zama gwamnati ɗaya, don haka kowa na jin harsunan biyu, su kuma marubutan suka sami hanyar yin ashar ba tare da masu tace fim sun kama su ba. Kawu ya ce ko a tasha haka ake yi, in za ka zagi mutum ka zage shi da yaren da ba ya ji.

Ranar da ƙarfen nan ya fashe, a kashi na 8, jirgin ya mutu a tsakiyar inda ba kowa, iska na ƙarewa, sanyi na shigowa. Malcolm ya sallami mutanensa a ƙananan jirage 2, ya zauna shi kaɗai. A shirin nan, in kyamara ta fita waje ba ka jin ƙarar komai, domin inda babu iska sauti ba ya tafiya, kuma shirun nan ya sauka a falonmu. Kawu bai ce "ai na faɗa" ba. A hankali ya ce, "Direba ba ya barin mota." Daga nan ya ba ni labarin wani dare da ya kwana a daji da karyayyen aksul, labarin da a shekara 40 ban taɓa jin sa ba.

Uwargida kuwa da farko daga ƙofar kicin take jefo magana: "Malam, yau ma mutanen naka ne?" Abin da ya zaunar da ita likitan nan ne, Simon, ɗan masu hali da ya watsar da aiki da dukiya don ya sato ƙanwarsa River daga wata makarantar gwamnati inda ake wasa da ƙwaƙwalwarta. Ta ce ɗan'uwa rabin jiki, ta ja kujera. Kafin mako ya zagayo ta gano Malcolm da Inara, wata mata da ke cikin jirgin, son juna suke, girman kai ne ya hana su faɗa, ta kuma yanke cewa laifin namijin ne. Gaskiya ɗaya zan faɗa muku a nan, kada ku ce na ɓoye: sana'ar Inara ba wadda za ka yi wa kawunka bayani dalla-dalla ba ce, kuma akwai wuraren da mai gida zai riƙe rimot da kyau. Ba shirin yara ba ne.

Yanzu ga laifina. Ban gaya wa ko ɗayansu cewa kashi 14 ne ba. Mu masoyan shirin nan haka muke a ko'ina. Sai mun bari mutum ya saba da jirgin, ya san kujerar kowa a teburin nan, ya fara yi wa hular sanyin da uwar Jayne, ɗaya daga cikin mutanen jirgin, ta saƙa masa dariya, sannan mu koma gefe muna satar kallon fuskarsa. Rabin daɗin ke nan. Kai ba za ka sake ganin shirin a karon farko ba har abada, sai dai ka ara idon wani.

Kuma kada ku raina wannan ɗabi'a, don ita ta tayar da mamaci. Masoyan, waɗanda ke kiran kansu Browncoats saboda rigar sojojin da aka ci da yaƙi, sun yi karo-karo sun sayi talla a mujallar Variety, sun yi ta aika katunan roƙo, duk bai hana a rufe ba. Da faifan DVD ya fito a Disamba 2003, sai suka koma gida-gida: a ba wa aboki aro, aboki ya sayi nasa, ya ba wa surukinsa. Cinikin ya taimaka har kamfanin Universal ya yarda aka yi fim ɗin sinima, Serenity, a 2005, wanda ya ci kyautar Hugo a 2006. A 2006 suka fara shirya kallonsa a birane don tara kuɗin sadaka. A 2007 wani ɗan sama jannati na gaske, Steven Swanson, ya tafi da faifan zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ba su suka fara ba: wasiƙun masoya sun taimaka wa shirin Star Trek ya sami zango na 3 a 1968, kuma a 2007 masoyan shirin Jericho suka tura wa tashar CBS gyaɗa kusan tan 20 har ta dawo da shi na kashi 7. Da a Kano ne da an ce sun fara harsashin dala. Sai dai fim ɗin Serenity da ƙyar ya mayar da kuɗin da aka kashe, ba a yi na biyu ba, kuma mutum 2 daga cikin 9 ɗin nan ba su kai ƙarshensa da rai ba. Ba zan faɗi ko su wane ne ba, ina da sauran imani.

Daren da kashi na 14 ya ƙare, Kawu ya miƙe ƙafa ya ce, "To, sa na 15." Na yi shiru. Uwargida ta dube ni, ta dubi faifan, ta ce, "Malam, kada ka ce mini." Na faɗa musu. Kawu ya daɗe yana kallon baƙin allon talabijin, sannan ya ce, "Kai ɗan nan ba ka da kirki." Ranar da zai koma gida na nemi faifaina na rasa. Bayan wata 2 ya bugo waya, wai yana nuna wa wani tsohon yaron motarsa, sun kai kashi na 6, jikansa na yi musu tafinta. Na ce, "Kawu, ka gaya masa guda nawa ne?" Ya ce, "In gaya masa don me?"

Ku kuwa kun ci sa'a, don tun a sakin layi na biyu na faɗa muku adadin. Hausawa sun ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Ku lissafa da kanku ku ga a wane layi na riga na saka ku. Tabarma tana nan ranar Juma'a bayan isha'i, kowa ya zo da gyaɗarsa. Kashi ɗaya tak, in bai yi ba na kashe.